Darasi na 7: Gawo Ɗaya, Tambayoyi Huɗu

Manufar darasi

Bayan an kammala wannan darasi, ana son kowane ɗalibi da kowace ɗaliba su iya:

1. gane irin tambayar da bincike ke iya amsawa;
2. bayyana dalilan da ke sa gero ya yi kyau a gindin gawo;
3. faɗin yadda tauraron ɗan'adam da kwamfuta ke ƙirga itatuwa;
4. shirya ƙaramin gwaji a gona da rubuta sakamakonsa.

Shimfiɗa

Wanda ya bi hanyar Magarya zuwa Bande, ko ta Dungas zuwa Guci, a cikin watan Maris, ya san abin da ido ke gani. An kwashe kara, gonaki sun yi fari fat, yawancin itatuwa sun kaɗe. Gawo kuwa yana tsaye shar da ganye, tumaki da awaki na kwance a inuwarsa suna jiran iska ta kaɗo musu ƴaƴa. A dawo wurin a watan Agusta, lokacin da ƙasa ta yi kore ko'ina: gawon nan ya zubar da ganye, ya tsaya da rassa kamar busasshen itace, geron da ke gindinsa kuma ya fi na fili tsayi da duhun ganye da kaurin zangarniya.

Haka muka buɗe ido muka tarar, shi ya sa ba kowa ke tsayawa ya tambayi dalili ba. Amma wannan itace da muke ɗaure akuya a gindinsa ya sa masana daga ƙasashe da dama sun shafe fiye da shekara 50 suna haƙa, suna awo, suna ɗaukar hoto daga sama. A wannan darasi za mu bi tambayoyi huɗu da aka yi a kansa, kowace daga fanni guda na kimiyya. Daga nan za mu ga yadda ake bincike, mu kuma ga inda manomi ya shigo cikin aikin.

1. Wace tambaya ce ta bincike?

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Sai dai tambaya iri-iri ce. In mutum ya ce, "Gawo ya fi kuka daraja?" kowa zai amsa gwargwadon ra'ayinsa, a tashi ba a auna komai ba. In kuwa ya ce, "Tiya nawa ta gero ake samu a fili mai taku 5 a gindin gawo, tiya nawa kuma a fili irinsa can nesa da shi?" to ya yi tambayar bincike. Ana iya shukawa, a girbe, a sussuke, a auna, kuma duk mai shakka yana iya maimaitawa a gonarsa.

Mai bincike yana bin matakai biyar. Ya lura da abu. Ya yi tambaya a kansa. Ya kawo zato, wato amsar da yake tsammani. Ya gwada zaton da awo. Sannan ya bayyana wa jama'a abin da ya samu da yadda ya same shi, domin wasu su duba ko ya yi kuskure. Babban sharaɗin gwaji shi ne a sauya abu ɗaya tak. Wanda ya sauya iri, ya ƙara taki, ya kuma sauya ranar shuka a lokaci guda, ko gonarsa ta yi kyau ba zai san wanne ne ya yi aikin ba.

2. Tambayar ilimin halittu: me ke ciyar da gero a gindin gawo?

Ilimin halittu, wato bayoloji, shi ne nazarin masu rai: tsirrai, dabbobi, mutane, da ƙananan halittun da ido ba ya gani.

A 1965 masu bincike biyu, Charreau da Vidal, sun auna gero a Bambey ta ƙasar Senegal, suka samu na kusa da gindin gawo ya ninka na fili fiye da sau 2. Wani awo da aka yi kusa da Yamai, aka wallafa a 2001, ya nuna ƙarin kashi 36 cikin 100. Alƙaluman sun bambanta domin ƙasa da ruwa da girman itatuwa ba ɗaya ba ne, amma dukansu sun tabbatar da abin da manomi ya riga ya sani. Saura a gano dalili, kuma zato uku aka kawo.

Na farko shi ne gawo yana saukar da taki daga iska. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin nan da ke cikin takin yuriya, mai sa ganye ya yi duhu. Gero ba ya iya ɗaukarsa daga iska. Gawo kuwa dangin wake ne da gyaɗa. Ku tuge ɗanyen wake ku duba saiwarsa, za ku ga ƴan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa. A cikinsu ƙwayoyin bakteriya ke zaune, suna mai da naitirojin na iska abincin shuka, ita kuma shukar tana ciyar da su. Gawo ma yana da waɗannan abokan zama. A Senegal an same su a ƙarƙashinsa a zurfin fiye da mita 30. Ganyensa yana zuba daidai faɗuwar damina, ya ruɓe ya zama taki a lokacin da shuka ke bukata, rassan kuma ba sa tare wa gero rana sosai.

Na biyu shi ne dabbobi. Duk tsawon rani bisashe na wuni a inuwar gawo, suna cin ƴaƴansa, suna barin kashi da fitsari. Su ne ma ke yaɗa shi, domin ƙwayarsa tana da taurin ɓawo, kuma wadda ta bi ta cikin tumbin dabba ta fi saurin tsira.

Na uku ya zo da wata tambaya mai kaifi: shin gawo ne ya gyara ƙasar, ko kuwa ƙasa mai kyau ce ta raya gawon tun yana ƙarami? A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kimanin kilomita 40 daga Yamai, an dasa gawo da yawa a fili guda. Wasu suka girma, wasu suka tsumbure. Da aka auna ƙasa sai aka ga waɗanda suka fi girma suna kan wuraren da tun asali suka fi kyau.

Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da nasa rabo a cikin amsar. Darasin da ke nan shi ne abu ɗaya yana iya samun dalilai da yawa, kuma mai bincike ba ya riƙe amsar farko ya rufe ido.

Akwai tambayar da har yau ba a rufe ta ba. Binciken da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 1999, ya nuna da rani gawo yana shan ruwan can ƙarƙashin ƙasa, irin wanda rijiya ke kaiwa gare shi. Shi ya sa yake kore lokacin da sauran suka bushe. To me ke sa shi zubar da ganye da damina? Wasu masana sun ce saiwarsa ce ke rasa iska idan ƙasa ta jiƙe sharkaf. Wasu sun ce wani tsari ne na lokaci da ya gada a jikinsa. Manoma kuma sun lura cewa gawon da aka sassare wa rassa don dabbobi yakan fito da ganye a tsakiyar damina. Duk wanda zai warware wannan magana sai ya yi bayanin abin nan da manoma suka gani.

3. Tambayar fiziks: zafi, iska da ruwa

Fiziks shi ne nazarin ƙarfi, motsi, zafi da haske. Ya shigo maganar gawo ta ƙofa uku.

*Zafi.* A lokacin shukar fari, rairayin gona yana iya wuce digiri 50 da tsakar rana, abin da ke ƙona ƙaramin tsiro. Masana biyu a Sadore, Vandenbeldt da Williams, suka so su raba aikin inuwa da aikin taki. Sai suka kafa shingaye masu ba da inuwa a filin da babu itace, suka shuka gero. Ƙasar da ke samun inuwa ta ragu da zafi, tsiron kuma ya fi ƙarfi. Sun wallafa wannan a 1992. Ku lura da dabarar: sun kawo inuwa ba tare da ganye ko kashin dabba ba, wato sun sauya abu ɗaya tak.

*Iska.* Kowa ya san guguwar da ke gaban hadarin farko, wadda ke turbuɗe shuka ko ta yanke ta da rairayi. Wani hafsan sojan Ingila, Ralph Bagnold, wanda ya daɗe yana yawo a hamadar Libiya, ya nazarci tafiyar rairayi ya fitar da littafi a 1941. Ya nuna cewa ƙwayoyin rairayi tsalle suke yi kusa da ƙasa, daidai tsayin ƙaramar shuka. Ya kuma nuna cewa idan gudun iska ya ninka sau 2, rairayin da take kwasa yana ninkawa kusan sau 8. A juya lissafin: in itatuwa suka rage gudun iska da rabi, rairayin da ke dukan shuka zai koma kusan kashi ɗaya cikin 8. Wannan ya yi daidai da abin da manoman kudancin Damagaram suka faɗa wa masu bincike, cewa a shekarun da gonaki suka zama fili sukan yi shuka sau 2 har sau 4 kafin ta kama, amma da itatuwa suka dawo shuka ɗaya takan isa.

*Ruwa.* Masu garka a kwarin Korama sun san injin ban ruwa da ke bakin rijiya ba ya jawo ruwan da ya yi zurfi. In ya wuce mita 7 ko 8 sai an saukar da injin cikin rami. Masu aikin rijiyoyi a Italiya sun gamu da wannan kusan shekara 400 da suka wuce, kuma tambayarsu ce ta kai wani masani, Torricelli, ga gwajinsa da zaiba a 1643. Ya gano cewa iska tana da nauyi. Tana danna kowane wuri mai faɗin farcen yatsa da nauyin kusan kilo 1. Inji yana fitar da iskar da ke cikin tiyo ne kawai, sai nauyin iskar waje ya turo ruwan sama, kuma ƙarfin turin yana ƙarewa a wajen mita 10.

To yaya gawo ke ɗaga ruwa daga zurfin da ya fi haka, ya kai shi ƙololuwar reshe, ba inji ba man fetur? Dixon da Joly na ƙasar Ailan sun ba da amsa a 1894. A cikin itace akwai hanyoyin ruwa sirara kamar gashi, daga saiwa har ganye. Ƙwayoyin ruwa suna riƙe da juna gam. Idan rana ta busar da ruwan da ke cikin ganye, wanda ke biye da shi sai ya matso, shi ma ya jawo na bayansa, kamar mai jan guga da igiya. Rana ce ke jan igiyar.

4. Tambayar ilimin sararin samaniya: itatuwa raguwa suke ko ƙaruwa?

Bayan farin 1973 da na 1984, duniya ta ɗauka cewa hamada tana cinye Nijar. Mutumin da ke tsaye a gona yana ganin gonarsa da ta maƙwabcinsa kawai. Sanin halin ƙasa baki ɗaya sai an hango ta daga sama.

A 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko cikin jerin Landsat, don ɗaukar hoton ƙasa. Na yanzu suna shawagi a nisan kilomita 705, suna gudun kusan kilomita 27,000 a awa. Wannan gudu ne ke hana su faɗowa: ƙasa tana jan tauraron, shi kuma yana wucewa gaba, sai tafiyar ta zama kewaye. Kowane ɗaya yana zagaye duniya cikin minti 99, yana kuma dawowa kan wuri guda bayan kwana 16. Ke nan gonakin Dancawo, Waca, Malawa da Dogo-Dogo suna cikin ajiyar hotuna tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu.

Yaya na'urar ke gane itace mai rai? Hasken rana launuka ne a haɗe, kamar yadda bakan gizo ke nunawa. Bayan launin ja akwai wani haske da idon mutum ba ya gani. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, yana mayar da wancan ɓoyayyen haske sama da ƙarfi. Busasshiyar ciyawa da rairayi ba sa yin haka. Na'urar tana auna bambancin. A nan halin gawo ya taimaki masana, domin a hoton rani, lokacin da ciyawa da amfanin gona suka kau, shi ne ke fitowa fili.

Gray Tappan, masani a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya jera hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975 kusa da na tauraron ɗan'adam na 2003 zuwa 2005. A wasu wurare itatuwan gona sun ninka sau 10 zuwa 20, alhali jama'a ƙaruwa suka yi. A 2006 Mahamane Larwanou da abokan aikinsa, ciki har da Chris Reij, suka bi ƙauyukan Magarya, Matamai da Mirya da ƙafa. A lokacin Dungas tana cikin Magarya, sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Sun ƙiyasta gonakin da itatuwa suka dawo a wannan yanki a kan hekta miliyan 1, kuma gawo ne ya fi yawa. Ƙiyasin da aka fitar a 2009 ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Nan ma aka tambayi dalili. Ko dawowar ruwan sama ce ta kawo haka? Hotunan bakin iyakar kudancin Nijar sun taimaka. A wurare da dama gonakin ɓangaren Nijar sun fi na tsallaken iyaka yawan itatuwa, ga shi ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, mutane ƴan uwan juna. Tunda hadari ba ya tsayawa a kan iyaka, ruwa kaɗai bai isa ya zama amsa ba. Hannun manomi ne ya yi aikin. Ba dasa itatuwan aka yi ba. Tohon kututture da ƴan tsiron da suka fito da kansu aka bari, aka rage musu rassa, aka tsare su. Shi ake kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983. A kudancin Damagaram kuwa yawanci manoma ne suka kama abin da kansu, domin daraja gawo tsohon abu ne a nan. Ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya sa doka mai tsanani a kan saran gawo. A watan Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raya a gonarsa.

5. Tambayar ilimin kwamfuta: wa zai ƙirga su ɗaya bayan ɗaya?

Hoton Landsat ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi. Ƙaramin itace yana ɓacewa a cikinsa. Sababbin taurari suna ɗaukar hoto mai ɗigon rabin mita, wanda ake ganin kowane itace da inuwarsa. Sai dai hotunan sun yi yawan da mutum ba zai iya binsu da ido ba.

Martin Brandt na Jami'ar Kopanhagen a ƙasar Danmak, tare da masanan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya koya wa kwamfuta aikin. Ya zauna ya zagaye kusan itatuwa 90,000 da hannunsa a kan hotuna. Kwamfutar ta duba misalan, ta gwada gane itace da kanta, aka nuna mata inda ta kuskure, ta gyara lissafinta, ta sake gwadawa, har ta ƙware. Haka yaro ke koyon bambanta gero da dawa tun suna tsiro: uba ba ya karanta masa doka, nuna masa yake yi har idonsa ya faɗa. Wannan hanya ita ake kira koyon na'ura, kuma ita ce ginshiƙin abin da ake ce wa ƙirƙirarriyar basira.

A 2020 suka sanar da itatuwa biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a fili mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3. Da mutum zai ƙirga itace ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi shekara 57. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, har da ƙasarmu, aka samu itatuwa biliyan 9.9 ɗauke da kabon tan miliyan 840. Kabon shi ne abin da itace ke zuƙa daga iska ya gina jikinsa da shi, kuma yawansa a iska ne ke ɗumama duniya. Gawon gonarku yana cikin wannan lissafi.

Kwamfuta tana da iyakarta. Abin da aka koya mata shi take maimaitawa. In misalan sun karkace, amsarta ma ta karkace. Tana iya ɗaukar itatuwa biyu da suka haɗa kai a matsayin ɗaya. Tohon bana da ke ƙarƙashin kulawar manomi bai kai girman da za ta gani ba. Hoto kuma ba ya faɗin wanda ya raya itace, ko wanda ya sare shi da dare, ko buhun ƴaƴan gawo nawa aka kai kasuwa. Dole wani ya taka ƙasa, ya auna, ya tambayi masu gona. Gani ya kori ji.

6. Tambayoyin da ke jiranmu

Gawo nawa ya kamata a bari a hekta guda a jigawa, nawa kuma a fadama? Sau nawa za a sassare rassansa ba tare da an rage ƴaƴansa ba? Idan injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana suka yawaita a Korama, me zai sami ruwan ƙarƙashin ƙasa da gawo ke sha? Waɗannan tambayoyi suna buƙatar awo na shekaru a gonakinmu. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da aka kafa a 1975, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai da aka kafa a 1974, da Jami'ar André Salifou ta Damagaram, suna da masana da na'urori, amma ba su da ido a kowace gona.

Hanyar nan ba ta tsaya ga itace ba. Tsakanin Nuwamban 2022 da Janairun 2023 sanƙarau ya kama mutum 559 a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi yawan waɗanda suka kamu. Masana suna nazarin alaƙar wannan cuta da ƙura da bushewar iska, suna haɗa rajistar asibiti da hotunan tauraron ɗan'adam. Malamin asibitin ƙauye da ya rubuta ranar da mara lafiya ya zo da garin da ya fito, yana cikin wannan bincike.

Sababbin kalmomi

- *Zato:* amsar da ake tsammani kafin a gwada.
- *Gwaji:* aikin da ake shiryawa don a ga ko zato gaskiya ne.
- *Naitirojin:* sinadarin da ya fi yawa a iska, babban abincin shuka.
- *Bakteriya:* ƙananan halittu da ido ba ya gani. Wasu na kawo cuta, wasu na amfani.
- *Hekta:* fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi.
- *Koyon na'ura:* koya wa kwamfuta aiki ta hanyar nuna mata misalai masu yawa.

Tambayoyi

1. Kawo matakai biyar na bincike.
2. Faɗi zato uku da aka kawo a kan kyan gero a gindin gawo.
3. Me ya sa masanan Sadore suka yi amfani da shinge maimakon itace?
4. Me ke hana injin ban ruwa jawo ruwa mai zurfi?
5. Me hotunan bakin iyaka suka nuna game da ruwan sama da itatuwa?
6. Manomiya tana da hekta 3, kowace da gawo 40. Gawo nawa ke gare ta? Idan ta raya sababbi 15 a kowace hekta, nawa za su zama?

Aikin gida

Ku rabu ƙungiya-ƙungiya, mutum uku ko huɗu. Kowace ƙungiya ta zaɓi babban gawo guda. Da igiya a shata fili mai taku 5 tsawo da taku 5 faɗi a ƙarƙashin rassansa, a shata wani irinsa a nisan taku 40 cikin gonar. A shuka iri ɗaya, rana ɗaya, rami daidai da rami, a yi noma lokaci ɗaya, kada a zuba taki a ko ɗaya. Bayan sati 2 a ƙirga ramukan da suka tsira. Da kaka a girbe kowane fili daban, a sussuke, a auna da tiya. A rubuta ranar da gawon ya fara zubar da ganye da ranar da ya fara toho. A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, a auna zurfin ruwan da ya tara da rula bayan kowane ruwan sama. A ƙarshe a haɗa sakamakon dukan ƙungiyoyi a kan allo, domin itace ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Ko sakamakon ya saɓa wa zatonku, ku rubuta shi yadda ya zo.

Jan hankali

Ƴan uwa maza da mata, itatuwan da tauraron ɗan'adam ya hango, kwamfuta ta ƙirga, iyayenmu ne da mu kanmu muka raya su da gatari da haƙuri. Mun daɗe muna lura, mun daɗe muna gwadawa. Abin da ya rage mana shi ne awo da rubutu, kuma su ne muka zo koya a wannan aji. Kowa ya tanadi ɗan littafi da alƙalami kafin ruwan shuka. Ku rubuta rana, ku rubuta adadi, ku ajiye wa ƴaƴanku, ku kuma nuna wa malamin gona idan ya zo garinku.